Power BI: Abin da Take Iya Yi wa Ɗan Kasuwa da Inda Take Gazawa

Duk wanda ya taɓa zama gaban lissafin cinikin wata guda yana ƙoƙarin gane wane kaya ne ke tafiya, wanne kuma ya kwanta a sito, ya san dalilin da ya sa kamfanoni ke neman manhajojin da za su taimaka wa shugabanni wajen yanke shawara. Daga cikinsu, wadda na fi daɗewa ina aiki da ita ita ce Power BI ta kamfanin Microsoft, wadda aka fitar wa jama'a a watan Yulin 2015.

Aikinta shi ne ta jawo bayanai daga wurare daban-daban, kamar fayilolin Excel da rumbunan bayanai irin su SQL Server, ta haɗa su wuri guda, sannan ta fito da su cikin zane-zane da taswirori, ta yadda idan manaja ya danna sunan reshe ɗaya, duk alƙaluman da ke shafin za su koma na wannan reshen nan take. Shafin Excel ba ya ɗaukar layi fiye da 1,048,576, amma Power BI tana matse bayanai har ta ɗauki miliyoyin layuka ba tare da ta yi nauyi sosai ba.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne Power Query. Sau ɗaya mutum zai nuna masa yadda ake gyara bayanai, wato cire maimaici, daidaita kwanan wata da haɗa sunayen kaya da aka rubuta iri biyu, shi kuma ya riƙe matakan ya maimaita su duk lokacin da sabon lissafi ya shigo. Aikin da akawu ke kwana yana yi a ƙarshen wata sai ya koma na 'yan mintuna.

Sai dai sauƙin yana ƙarewa ne a ƙofar DAX, harshen da ake rubuta ƙa'idojin lissafi da shi. A ido yana kama da na Excel, amma sakamakonsa yana sauyawa gwargwadon tacewar da aka yi a shafin, don haka mai koyo zai iya samun jimillar da ba daidai ba ba tare da manhajar ta nuna wani kuskure ba. Wannan ya fi komai haɗari, domin zane mai kyau yana sa mutum ya yarda da lamba ko da ba ta da tushe. Hasashen da take yi na ciniki ma yana bin sawun abin da ya gabata ne kawai, ba ta san cewa abokin gogayya ya karya farashi jiya ba.

Power BI Desktop, wato wadda ake sanyawa a kwamfuta don haɗa rahoto, kyauta ce, amma a kan Windows kaɗai take aiki. Raba rahoto da abokan aiki yana buƙatar lasisin da ake biya, kamar na Pro, wanda ya taƙaita sabunta bayanai ta atomatik zuwa sau 8 a rana. Tableau, wata manhaja mai irin wannan aiki wadda kamfanin Salesforce ya saya a 2019, ta fi Power BI ba mai zane 'yanci a ganina, amma kamfanin da ma'aikatansa suka saba da Excel zai fi saurin sabawa da Power BI, muddin ya ware mutum ɗaya ya koyi DAX da kyau kafin a fara dogaro da rahotanninta a taron shugabanni.