Poli, Jami'a ko Ɗakin Labarai: Ina Mai Son Aikin Jarida a Kaduna Zai Kai Kuɗinsa?

Bayan sallar la'asar ɗiyar yayata ta shigo gidana da sakamakon jarrabawarta a cikin jakar leda. Ta gaishe ni, ta zauna gefen tabarma, ta ce, "Kawu, aikin jarida nake so in karanta. Mama ta ce in zo wurinka kafin a cike fom ɗin JAMB." Ban ba ta amsa nan take ba. Na ɗauko wani labari mai sakin layi uku da na gani yana yawo a Facebook, na kwafe shi a takarda, na miƙa mata biro na ce ta gyara. Ta yi shiru tana dubawa, can ta ɗago ta ce ba ta ga kuskure ba.

Kuskure tara ne a ciki. An rubuta "yace" a haɗe, an rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi", har jimlar ta koma gwamnati ta karɓi baki. An ce shugaban ƙaramar hukuma "ya biya ziyara", alhali Bahaushe kai ziyara yake yi, ba ya biyan ta. Mafi muni, labarin ya ce mutum goma sun mutu, kuma babu inda aka faɗi wanda ya ba da wannan adadi. Na nuna mata su ɗaya bayan ɗaya, na ce, "'Yata, duk makarantar da za ki zaɓa, ki tambayi kanki ko za ta koya miki ganin waɗannan abubuwa tara. Wannan ne abin da za ki saya da kuɗin mahaifinki."

Kaduna ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda iyayenmu suka tashi da muryarsa a kunne. New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, Weekly Trust ma a nan garin ta fara a 1998 kafin kamfanin ya koma Abuja. Yau ga KSMC, ga Nagarta, ga Liberty, ga Freedom, ga DITV da Alheri. Wanda ke zaune a Kaduna yana da inda zai koya, matsalarsa ita ce zaɓi.

Na fara mata da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ke kira Poli, domin ita ce ta fi kusa da aljihun yawancin gidajenmu. Tsarin a fili yake: shekara 2 a yi ƙaramar difloma, a fita shekara 1 a yi aikin sanin makama, a dawo a yi shekara 2 na babbar difloma. Wannan shekara ɗaya ta tsakiya ita ce abin da na fi ƙauna a tsarin. Yaro ɗan shekara 20 zai shiga gidan rediyo a aike shi kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya jiyo farashin masara, ya dawo ya rubuta, edita ya yage takardar ya ce a sake. Kafin ya koma aji ya riga ya san ko yana son aikin da gaske. Idan kuma hali ya gaza, ƙaramar diflomar takarda ce a hannu, ba a fita da hannu rabbana ba. Poli tana da nata gidan rediyon, Spider FM, kuma a Zariya akwai Nuhu Bamalli mai irin wannan tsari. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin gwamnati. Har yanzu masu babbar difloma suna kokawa da bambancin da ake nuna musu wajen matakin aiki da ƙarin girma, kuma wanda ya so yin digiri na biyu galibi sai ya bi ta wata diflomar gaba da digiri tukuna. Mai burin zama malamin jami'a ko darakta a ma'aikata ya sa wannan a lissafi tun yanzu.

Jami'a kuwa shekara 4 ce, ko 3 ga wanda ya shiga da difloma. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, tana cikin gari, ɗalibi zai iya kwana gidan iyayensa ya ci tuwon gida, kuma wannan ba ƙaramin rangwame ba ne idan aka lissafa kuɗin ɗaki da abinci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsohon suna, da babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar nan, abin da ke buɗe idon ɗan jarida tun kafin ya fara aiki. Amma Samaru, inda jami'ar take a Zariya, ba wurin da za a riƙa zuwa daga Kaduna kullum ba ne, sai an tare. A jami'a za a zurfafa a kan dokokin aikin jarida, da ɗa'ar sana'a, da hanyoyin bincike, kuma kada wani ya raina wannan. Ɗan jaridar da bai san mene ne ɓata suna a idon doka ba, bai san Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ba, bai karanta sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 ba, zai jefa kansa da gidan da yake wa aiki cikin rigima. Sai dai aji na cika da ɗalibai, kuma malami ɗaya ba zai iya bin rubutun mutum ɗari da jan biro kowane mako ba. Ga kuma yajin aiki: na 2022 ya cinye wata 8 cur.

Akwai wani sauyi da iyaye da yawa ba su ji labarinsa ba. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba tsohon kwas ɗin nan na Mass Communication da ya haɗa komai zuwa kashi 7, inda aikin jarida ya tsaya daban, watsa shirye-shirye daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, fim daban. Jami'o'i suna shiga sabon tsarin ne kowace da nata lokacin. Don haka kafin a cike fom, a buɗe kundin JAMB na shekarar a ga ainihin sunan kwas ɗin da darussan da ake nema. Na ga yarinyar da ta rasa shekara guda saboda ba ta da kiredit a adabin Turanci, kuma babu wanda ya gaya mata tun tana aji huɗu.

Batun kuɗi ba ya zama wuri ɗaya. An ƙara kuɗin manyan makarantun jihar Kaduna a 2021, aka rage a 2023, saboda haka adadin da maƙwabci ya biya wa ɗansa shekara uku baya ba zai yi maka jagora ba. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Abin da ba ya fitowa a rasit shi ne kuɗin kayan aiki, kuma shi ya fi damuna. Waya mai ɗaukar murya da hoto sosai, ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, data, da kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce. Ɗalibin da ba shi da waɗannan zai gama karatu bai taɓa haɗa rahoto shi kaɗai ba.

Ga ma'aikaci, ko matar aure, ko wanda shekaru suka ja, Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, tana da cibiya a Kaduna kuma tana ba da digiri a wannan fanni. Ta dace da wanda ya riga ya shiga aikin, takarda ce kawai ta rage masa. Ga yaron da ya fito daga sakandare ban cika ba da shawararta ba, domin rubutu yana son mai tsayawa a kanka. Wanda yake da niyyar bautar ƙasa kuma ya tambaya da kyau kafin ya biya, domin karatun wucin gadi ba ya kai mutum sansani, wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa ma takardar yafewa ake ba shi. Mai son talabijin zalla ya leƙa Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello. Mai digiri a wani fanni, likita ne ko lauya ko masanin noma, ba sai ya koma aji ɗaya ba: diflomar gaba da digiri ta ishe shi, irin wadda Cibiyar Aikin Jarida ta Najeriya da ke Ogba a Legas take bayarwa.

Sai hanyar da ba a cika ambata ba, kuma a kanta na fi daɗewa da yarinyar nan. Na tambaye ta da wane harshe take son yin aiki. Ta ce Hausa, tana sunkuyar da kai kamar ta faɗi abin kunya. Na ce ta ɗaga kanta. BBC tana watsa shiri da Hausa tun 1957, ga DW, ga RFI, ga TRT, ga Aminiya da Leadership Hausa, ga ƙungiyoyin lafiya da na noma da kullum suke neman mai mayar musu da saƙo cikin Hausar da ƙauye zai gane. Masu jin Hausa sun yi yawa, masu rubuta ta daidai kuwa sai an tona. Na sha zama a gwajin ɗaukar ma'aikata inda mutum ashirin za su zo da takardu masu kyau, a ba su labarin Turanci mai layi goma su fassara, a rasa uku da za a karanta nasu a rediyo ba tare da an sake shi ba. Saboda haka digirin Hausa, a sashen harsunan Afirka na Zariya ko a Jami'ar Jihar Kaduna ko ta Bayero a Kano, hanya ce ta gaske zuwa aikin edita da fassara, muddin mutum ya riƙe Turancinsa da ƙarfi, ya kuma nemi dabarun haɗa labari a ɗakin labarai. Wanda ya zaɓi kwas ɗin jarida kuma ya sayi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ya koyi raba kalma da haɗa ta, ya sa allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ a wayarsa. Aikin mako biyu ne, amma shi ke raba "kafa" da "ƙafa", da "fada" da "faɗa".

Gyaran rubutu, a gaskiya, ba a aji na koye shi ba. Wani dattijon edita ne ya koya mini, mutum mai tabarau a karan hanci da biro ja a aljihun gaba. Ranar farko na kai masa labarin gobara shafi guda da rabi, na fara da tarihin kasuwar. Ya ja layi ya soke sakin layi biyu na farko, ya zagaye wata jimla can ƙasa, ya ce, "Malam, nan labarinka yake. Me ya ƙone, a ina, yaushe, wa ya faɗa maka?" Ya mayar mini da shi sau uku kafin ya bari ya wuce. Irin wannan mutum shi za ka nema, ko a wace makaranta kake. Je gidan rediyo lokacin hutu ka roƙi a bar ka ka zauna, ko ba a biyanka. Abin da zan ja kunne a kai shi ne kada zaman ya zarce iyaka. Na san samari da suka yi shekaru suna aiki kyauta, suna rayuwa da ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taron manema labarai, har suka saba da rubuta abin da mai ambulan yake so. Sa wa kanka wa'adi, wata 3 zuwa 6, ka fita da rahotannin da ke ɗauke da sunanka.

Gajerun kwasa-kwasai sun cika gari, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Za ka ga talla a WhatsApp: zama ɗan jarida cikin mako 2, da satifiket da katin shaida. Katin da wata cibiya ta buga a shagon kwamfuta ba ya sa kowa ya zama ɗan jarida. Idan cibiya ta ce difloma take bayarwa, NBTE, hukumar da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, tana da ofis a nan Kaduna, kuma tana da jerin makarantun da ta amince da su. Idan horo ne kawai, tambayi su wane ne malamin, a wane gida ya yi aiki, kuma rubutu nawa za a gyara maka da hannu. Na ƙwarai suna nan, da yawansu ma kyauta: Reuters tana da darasin aikin jarida na zamani a intanet, Dubawa tana horar da masu tantance gaskiyar labari, cibiyar CJID tana da shiri na ɗaliban da ke rahoto daga makarantunsu. Mai sha'awar ƙagaggen labari ya nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya na jiha, ya riƙa halartar bukukuwan littattafai da ake yi a garin nan, mata kuma ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016.

Kafin ta tafi na ba ta aiki. Na ce ta je makarantu biyun da ke cikin gari da ƙafarta, kada ta tsaya a ofishin shugaban sashe, ta nemi 'yan ajin ƙarshe ta tambaye su abu uku: yaushe suka shiga situdiyo na ƙarshe, jaridar gwaji nawa suka buga bara, kuma wane malami ne yake mayar da rubutu da gyara a jiki. Ta dawo bayan kwana huɗu da amsoshin a littafinta, har da sunan wanda ya faɗi kowace magana da lokacin da ya faɗa, abin da ban ce ta yi ba. Ta sa Jami'ar Jihar Kaduna a zaɓin farko, Poli a na biyu, saboda mahaifiyarta ba ta son ta yi nisa. Kowace Asabar yanzu tana kawo mini labari ɗaya daga unguwarsu. Na makon jiya a kan rijiyar burtsatsen da ta lalace ne, ta ji ta bakin mai unguwa da masu ga-ruwa biyu, kuma kuskure huɗu na samu a ciki.