ntpd ko chrony: wanne ya fi daɗin sa ido a kan agogon na'ura?

Malam, ga tambayarka a taƙaice domin waɗanda ba su gani ba. A wurin aikinku tsofaffin na'urori suna kan ntpd, sababbin kuma da chrony suka zo, duka biyun manhajojin daidaita agogon kwamfuta ne. Intanet ɗinku ta layin waya take zuwa, tana ɗaukewa tana dawowa, wuta ma haka. In an zo binciken wata matsala sai a tarar lokutan da ke cikin rajistar na'urorin ba su jitu ba, alhali kowace tana cewa agogonta lafiya lau. Kana son sanin wanne ya fi sauƙin bibiya da ajiye tarihi, ka mayar da su duka kansa.

A irin yanayinku ni chrony zan zaɓa. Sai dai canza manhaja kaɗai ba zai kawar da saɓanin da ka gani ba, kuma za mu zo wurin.

Dukansu biyun yare ɗaya suke yi, wato NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet da David Mills na Jami'ar Delaware ya kafa, wanda aka fara wallafa ƙa'idarsa a 1985, aka fitar da ta huɗu a 2010. ntpd daga zuriyar aikin Mills ɗin yake, kuma an gina shi ne da tunanin na'urar da ke kunne dare da rana a kan layi mai ƙwari. Shi kuwa chrony, Richard Curnow ya fara rubuta shi a shekarun 1990 domin kwamfutar da ke hawa intanet jefi-jefi, yanzu Miroslav Lichvar na Red Hat ke riƙe da shi. Wannan bambancin asali yana fitowa har a irin bayanan da kowanne ke ba ka.

Mu fara da dubawar nan take. A ntpd za ka buga ntpq -p, ya jero maka sabobin lokaci, wato kwamfutocin da ke ba da lokaci, da kake sha daga gare su, kowace da layinta. Mai tauraro a gaba ita ake bi, masu alamar tarawa 'yan takara ne, mai x kuwa an kama ta da ƙarya an ajiye ta gefe. A ƙarshen layi akwai delay, offset da jitter, wato jinkirin zuwa da dawowa, tazarar agogonka da nata, da yawan rawar da awon yake yi, duk a milisakan. Allo ɗaya ne, ido ɗaya ya ishe shi, kuma a nan kam na fi son ntpd.

chrony ya rarraba abin gida uku. chronyc sources shi ne kwatankwacin wancan jerin. chronyc sourcestats yana gaya maka awo nawa ya tara a kan kowace saba, tsawon lokacin da suka ɗauka, da yadda suka watsu. chronyc tracking kuma hoton agogonka ne shi kansa: tazarar yanzu, matsakaiciyar tazara, saurinsa ko nawarsa, da iyakar kuskuren da zai iya ɗauke da shi. Bugawa ta fi yawa, amma abin da kake samu ya fi kauri.

Akwai gurbi ɗaya da dukansu suke da shi, wanda mutane ke wucewa ba su kalla ba, shi ne reach. Lamba ce da ake rubutawa da ƙidayar takwas-takwas, tana riƙe da sakamakon tambayoyi takwas na ƙarshe. 377 na nufin duk takwas an amsa. In aka rasa ta ƙarshe sai ka ga 376, daga nan giɓin ya riƙa matsawa, 375, 373, 367, har ya fita. To ka lura: tazarar tambaya tana farawa daga sakan 64 ta miƙe har 1024. In ta kai 1024, tambayoyi takwas sun haura awa biyu. Ke nan lambar offset ɗin da kake kallo kana jin daɗi tana iya zama ta awon da aka yi tun kafin layi ya ɗauke. Saboda haka kada ka karanta offset ba ka duba when a ntpd ko LastRx a chrony ba, su ne ke faɗin sakan nawa da samun amsar ƙarshe.

Sai ajiye tarihi, wanda shi ne asalin abin da ka tambaya. Babu wanda yake cika maka kundi haka kawai, sai ka kunna. A ntpd za ka nuna masa statsdir, ka ce statistics loopstats peerstats, sannan da filegen ka sa ya buɗe sabon fayil kowace rana. Wannan raba fayil ɗin da kansa yake yi, ba ya neman taimakon kowa. Ga yadda layi ɗaya na loopstats yake, a matsayin misali:

60000 36000.512 0.000412 -12.345 0.000180 0.0041 10

Lambar farko rana ce, amma da wata ƙidayar masu ilimin taurari da ta faro daga 17 ga Nuwamba 1858. Ranar 60000 ita ce 25 ga Fabrairu 2023. Ta biyu sakan ne daga tsakar dare a agogon UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, don haka 36000 ƙarfe goma ne na safe a UTC, sha ɗaya a Kano ko Zinder. Ta uku tazara ce, a sakan wannan karon, ba milisakan kamar na ntpq ba. Ta huɗu gyaran gudun agogo. Mutum ba ya karanta wannan da ƙarfe biyun dare ana ta kiransa a waya, sai ya nemi abin da zai fassara masa.

A chrony layi biyu ne: logdir /var/log/chrony da log tracking measurements statistics. Fayilolin suna fitowa da kwanan wata da lokaci kamar yadda ɗan Adam ke rubutawa, da kanun da ke bayyana kowane gurbi. measurements.log yana ajiye kowane awo ɗaya ɗaya, statistics.log yana ajiye lissafin da aka yi a kan kowace saba, tracking.log kuma duk gyaran da aka yi wa agogo. Raba fayil kam ba ya yi, aikin logrotate ne, manhajar da ke juya fayilolin rajista, kuma yawancin rabe-raben Linux suna zuwa da wannan a shirye. Shi ma a UTC yake rubutu, ka riƙa tuna awa ɗayan nan.

Tunda yanzu kana da duka biyun a gida ɗaya, ga wani tarko. A ntpq, offset mai alamar tarawa na nufin sabar tana gabanka, agogonka ya makara. A chronyc sources kuwa alamar tarawa na nufin agogonka ne a gaba. In ka zuba su a zane ɗaya ba ka juya ɗaya ba, za ka ga na'urori biyu da suka karkata gefe ɗaya kamar sun yi hannun riga. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa kan guda.

Yanzu abin da ya fi cancanta ka sa wa ido. Kowa offset yake kallo, ni kuwa gudun agogo ya fi gaya mini labari. Ana auna shi da ppm, kashi ɗaya cikin miliyan, kuma ppm ɗaya daidai yake da milisakan 86.4 a rana. Agogon da ya kauce da ppm 20 zai yi kuskuren kusan sakan 1.7 kowace rana in ba a gyara shi ba. Ƙwayar kiristal ɗin da ke cikin kwamfuta tana canza gudu da zafi. A ɗakin da na'urar sanyaya iska ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta, injinan kuma suka ci gaba a kan batir, zana gudun agogo na mako guda ka gani: zai hau ya sauka tare da zafin ɗakin, har ka iya nuna sa'ar da aka tayar da janareta. NTPsec, wani reshe na ntpd, yana da ntplogtemp mai rubuta zafi kusa da sauran bayanai, chrony kuma yana da tempcomp mai rage wa agogo illar zafin in kana da abin aunawa.

Yadda suke gyara ma ya bambanta, kuma rajista za ta nuna maka. ntpd ba ya wuce ppm 500 wajen lallaɓa agogo, wato gyara sakan ɗaya yana cin sakan 2000. Tazarar da ta haura milisakan 128 kuma ta daɗe, tsallake ta yake yi gaba ɗaya. In ta haura sakan 1000 sai ya rubuta ƙorafi ya fita, sai dai in an tayar da shi da -g. Na'urar da batirin agogonta ya mutu, aka ɗauke wuta ta tashi da tsohon lokaci, tana iya zama babu mai gyara ta kwana da kwanaki, kuma babu layi ko ɗaya a loopstats da zai ce maka haka. Fayil ɗin tsayawa kawai zai yi. Shi ya sa ƙararrawa ta farko da za ka ɗaura ba ta girman tazara ba ce, ta shirun fayil ce. chrony yana iya lallaɓawa da saurin da ya ninka na ntpd sau fiye da ɗari, kuma da makestep 1.0 3 yana tsallake babbar tazara a gyare-gyare uku na farko bayan tashi. Ga ofishin da ake kashewa ana kunnawa kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, ga dalilin da ya sa na ce canza manhaja ba zai wadatar ba. Duk lambar da ntpd ko chrony ya nuna maka, da mudunsa ya auna. Lissafin NTP yana ɗauka cewa lokacin da saƙo ya ci wajen zuwa daidai yake da na dawowa. A layin waya ba haka abin yake ba, musamman in wani yana tura manyan fayiloli ya cika hanyar fita. In jinkirin ya kai milisakan 200, agogonka zai iya kaucewa har milisakan 100 alhali allon yana nuna maka tazarar milisakan ɗaya. Ba ƙarya manhajar ta yi ba, iyakar ganinta ke nan. A layin tauraron ɗan Adam na nesa, inda zuwa da dawowa ke kai kusan milisakan 600, ka lissafa da kanka.

Saboda haka lambar da ta fi gaskiya ita ce iyakar kuskure: ka ɗauki System time, ka tara da Root dispersion, ka ƙara rabin Root delay. Duka ukun suna cikin chronyc tracking, sababbin chrony ma suna rubuta jimlar a tracking.log. A ntpd sai ka buga ntpq -c rv ka tsamo rootdelay da rootdisp. Ana samu, amma ba ya cikin loopstats, kuma wannan giɓi ne a wurin mai son tarihi.

Abin da nake zato yana faruwa a wurinku shi ne kowace na'ura tana fita waje da kanta, ta sha daga saba daban, ta hanya daban, kowace da irin karkatarta. Ku abin da ya dame ku shi ne su jitu da juna. Maganin shi ne ka zaɓi na'ura ɗaya ko biyu a cikin gida su riƙa fita waje, sauran su sha daga gare su, inda jinkiri bai kai milisakan ɗaya ba. Masu fita wajen ka ba su sabobi huɗu. Biyu in sun saɓa babu mai raba gardama, uku kuma in ɗaya ta faɗi ka koma biyu. Kada ka haɗa na Google da sauran: su suna baza sakan ɗin da ake ƙarawa lokaci-lokaci a kan awa 24, yawancin sauran kuma ba sa yi. Rabon da a ƙara irin wannan sakan tun 31 ga Disamba 2016, amma tsarin yana nan.

Sannan ka sami shaida daga waje. Dukansu suna da noselect, ka sa saba a jeri a riƙa auna ta ba tare da an bi ta ba. In kuna da manhajar sa ido irin Nagios, check_ntp_time yana gwada agogon na'ura da wata saba dabam, check_ntp_peer kuma yana tambayar ntpd lafiyarsa. Na farkon ne shaida. In Prometheus ne, node_exporter yana fitar da tazara da matsayin daidaito daga zuciyar Linux, ko wace manhaja kake amfani da ita, Telegraf kuma yana karanta dukansu. chronyc -c yana fitar da lambobi zalla da waƙafi a tsakani, abin da ya sa rubuta ɗan shirin tattarawa a kansa ba ya wahala.

Ta fuskar tsaro kuma chrony ya fi kwantar da hankali. A ntpd, ƙofar 123 da ake ba da lokaci ita ce dai ake tambayar lafiya ta cikinta. Tsohon umarnin monlist, mai dawo da adireshin na'urori har 600 a kan 'yar tambaya guda, shi aka yi amfani da shi a harin cunkushe intanet na Fabrairu 2014 da kamfanin Cloudflare ya ce ya kai kusan gigabit 400 a sakan. In tsofaffin naku suna kallon intanet, duba ka tabbata akwai noquery a layukan restrict. chrony ƙofa daban yake da ita ta umarni, 323, kuma daga cikin na'urar kaɗai take amsawa sai in kai ka buɗe.

Inda ntpd bai da na biyu shi ne agogunan da ake jonawa kai tsaye, yana da direbobi masu yawa. Chrony yawanci ta hannun wata manhaja, gpsd, yake karɓar GPS. Kuma NTPsec, wanda Debian 12 ta maye gurbin tsohon ntp da shi, yana da ntpviz mai mayar da loopstats da peerstats zane-zane. Da layinku tsayayye ne kuma ba ku da wani tsarin sa ido, da na ce ka zauna a nan. Red Hat kuwa ta riga ta yanke muku hukunci, tun RHEL 8, wato sigar Linux ɗinta ta 8, babu ntpd a ciki.

Kafin ka taɓa komai, kunna rajista a duka ɓangarorin ka bar su mako guda yadda suke, don ka sami abin gwadawa bayan canji. In akwai masu Windows a cikinsu, w32tm /stripchart /computer: da adireshin sabar cikin gida zai nuna maka tazararsu kai tsaye. Ka turo mana tracking.log da loopstats na makon, tare da sa'o'in da aka ɗauke wuta, mu duba tare.