Mai Gwiwa ko Miƙaƙƙe: Wane Injin Ɗaga Ma'aikaci Ya Fi Aminci?

Assalamu alaikum. Wani ɗan uwanmu ya samu aikin fenti da sauya fitilu a bangon sito mai tsayin mita 12. Rumfar kwano ta fito daga jikin bangon, layin lantarki kuma ya ratsa ta gefen harabar. Masu hayar injuna sun ba shi zaɓi tsakanin injin ɗaga ma'aikaci mai hannu mai gwiwa da wanda hannunsa miƙaƙƙe ne, shi ya sa yake tambayar wanne ya fi aminci. Malam, mai gwiwar ne ya dace da wannan bango, sai dai kowannensu yana da inda haɗarinsa ya fi yawa, kuma sanin wannan wuri ya fi zaɓin kansa muhimmanci.

Miƙaƙƙen, sassan hannunsa suna zuƙewa cikin juna kamar eriyar rediyo, don haka a miƙe kawai yake tafiya daga gindinsa zuwa wurin aiki. Ya fi kai wa nesa, kuma yana da sauƙin sarrafawa a fili inda babu abin da ya tare gaba. Amma tsawon hannun sai da nauyi a gindi. Irin su Genie S-65 da JLG 660SJ, waɗanda kwandonsu, wato inda ma'aikaci ke tsayawa a ƙarshen hannun, ke hawa mita 20, nauyinsu tan goma ne ko fiye, kuma idan aka juya hannun gefe guda, kaso mai yawa na wannan nauyi yana komawa kan taya ɗaya. Saboda haka haɗarin wannan inji daga ƙasa yake fitowa: murfin sokawe, kwalbati, ramin bututu da aka cike ba a daddaɓe ba, ko ƙasar da ruwan damina ya jiƙa alhali samanta ya bushe. Taya ta faɗa ɗan rami da bai kai tafin hannu ba, amma a can ƙarshen hannun girgizar ta isa ta cilla mutum waje.

Mai gwiwar, irin su Genie Z-45 da JLG 450AJ, kwandonsa yana hawa kusan mita 14, nauyinsa kuma tsakanin tan shida da bakwai. Yana fara tashi sama kusan mita 7, sannan ya miƙa hannun gaba, kuma wannan ne zai ba ka damar tsallake rumfar ka isa jikin bango ba tare da ka taɓa kwanon ba. Da miƙaƙƙen ne, sai ka ja da baya sosai kafin hannun ya wuce bakin rumfar, wataƙila ma harabar ba za ta ba ka wannan fili ba.

Sai dai haɗarin mai gwiwa a sama yake, kuma shi ne na fi jiye maka. Mai tuƙi yana tsaye ne fuskarsa na kallon allon maɓallai, bayansa kuma yana fuskantar abin da yake nufa. Idan ya ci gaba da ɗagawa bai waiwaya ba, ƙarfen gini ko bakin rufi zai same shi a kafaɗa ya danna ƙirjinsa a kan maɓallan, jikinsa kuma ya ci gaba da tura sandar tuƙin ba tare da ya iya sakinta ba. Don wannan ne aka ƙera na'urorin tsayar da inji idan mutum ya faɗa kansu, kamar SkyGuard na kamfanin JLG, kuma ya kamata ka tambaya ko wanda za a ba ka yana da irinta. Ita kanta gwiwar tana motsi a wurin da ido ba ya kai, tana iya dukan gini ko waya alhali kwandon yana nesa da su.

A batun lantarki babu wanda ya fi wani, domin dukansu ƙarfe ne tsantsa, ba irin motocin gyaran layi ba da aka yi wa hannunsu kariya ta musamman. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta gindaya tazarar aƙalla mita 3 daga layin da bai wuce kilobolt 50 ba, wanda ya haɗa da layukanmu masu kilobolt 11 da 33. Ƙungiyar IPAF, ta masu harkar irin waɗannan injuna a duniya, ta fi tsanantawa, tana cewa a nemi shawarar masu layin idan injin zai tsaya ƙasa da mita 9 haɗe da cikakken tsawon hannunsa daga turakun wuta na katako. A wurinka, ka je wa kamfanin rarraba wutar yankinku, kamar KEDCO idan a Kano kake, su kashe layin a rubuce. Don Allah kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ba a yin sallama kafin a dawo da ita.

Sauran sharuɗɗan ɗaya ne ga duka biyun. A ɗaura bel mai kama kafaɗu da cinyoyi, a maƙala gajeriyar igiyarsa a zoben da aka tanada cikin kwandon, ba a jikin gini ba. Yawancin kwandunan kilo 230 suke ɗauka, kuma a cikin wannan lissafi har da kai da yaronka da bokitan fenti, waɗanda kowane mai lita 20 ya haura kilo 20. Iyakar iska mita 12.5 ce a daƙiƙa, wato kusan kilomita 45 a awa, saboda haka da zarar hadari ya haɗo a sauko tun kafin guguwar ta iso. Ba a taka ƙarfen kwando ko a kafa tsani a ciki don ƙarin tsayi.

Ranar da za a kawo injin, ka sa mai kawowar ya gwada maɓallan ƙasa, wato na jikin gindin injin, da kuma hanyar saukar gaggawa a gabanka bayan ya kashe injin, sannan ya koya wa mutum guda daga cikin ma'aikatanka. Wannan mutumin aikinsa tsayuwa a ƙasa yana kallon gwiwar da waya, kada a aike shi ko'ina muddin akwai wani a cikin kwandon.