Gargaɗi ga masu zuwa Masar: a kula da masu tallar nutso a jirgin Thistlegorm

Jama'a, duk wanda ya ce zai kai ku nutso cikin Thistlegorm, jirgin ruwan da ke kwance a ƙarƙashin teku, a rana ɗaya, alhali ba ku taɓa goya tukunyar iska ba, har ya haɗa muku da satifiket, kada ku tura masa ko sisi. Irin waɗannan dillalai a Facebook da WhatsApp suke farauta, kuma kullum kafin alƙalami suke nema a asusun mutum ɗaya, ba na kamfani ba.

Thistlegorm jirgin dakon kayan yaƙin Birtaniya ne da jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a watan Oktoban 1941. Baburansa da manyan motocinsa suna nan, shi ya sa ake rububinsa. Amma yana kwance ne a zurfin kusan mita 30, ga igiyar ruwa mai ƙarfi. Ɗan koyo na gwajin farko ba a wuce mita 12 da shi. Mai satifiket na matakin farko iyakarsa mita 18. To ta ina ɗan rana ɗaya zai kai 30?

A wannan zurfin iska na ƙarewa ninki huɗu fiye da a saman ruwa, kuma abin da aka yarda mutum ya yi a can minti 20 ne. Wanda ya firgita ya taso da gudu, iskar naitirojin da ya shaƙa kan yi kumfa a jininsa, abin da ke iya shanye masa jiki. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a dakata minti 3 a mita 5.

Kafin ku biya, ku nemi ganin lasisin CDWS, hukumar da ke kula da cibiyoyin nutso a Masar, da lambar malamin nutson, ku tantance ta da kanku wurin PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke ba da satifiket na nutso. A cikin jirgin ruwan da zai kai ku wurin, ku ce a nuna muku tukunyar oksijin ta gaggawa. Tukunyarku ta nuna kusan bar 200 a ma'aunin matsin iska, da hatimin ranar gwajinta. Ku ɗanɗana iskar: idan tana warin mai ko hayaƙi, iskar ta gurɓace wajen cikawa, ku ajiye ta.

Idan kuma tsarin nasu ya sa ku hawa jirgin sama a daren ranar, nan ma ya tona kansa, domin bayan nutso fiye da ɗaya sai an jira aƙalla awa 18.