Ka sayi wasa a wani shago, ya bayyana a Steam: sai ka sake biya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ka sayi wasan kwamfuta a manhajar kamfanin da ya ƙera shi, bayan wani lokaci sai ga shi an kawo shi Steam, babban shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, inda abokanka da sauran wasanninka suke. Kana son sanin ko haƙƙinka ne a ba ka shi a can ba tare da ka ƙara ko sisi ba, ko kuwa sai ka sake zaro kuɗi. A takarda dai ba su da tilas. Abin da ka biya wa kuɗi lasisi ne na yin wasan a shagon da ka saye shi, kuma haka yarjejeniyar da muke danna wa amincewa ba tare da mun karanta ba take cewa. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma sai da aka sa hannu a wata doka a 2024 da ta wajabta wa shagunan intanet su fito fili su faɗa wa mai saye hakan, shi ya sa yanzu Steam ke rubuta shi a shafin biyan kuɗi. To amma abin da takarda ta ce daban, abin da ya dace daban, kuma su kansu kamfanonin ba su bi hanya ɗaya ba.

Bari in ajiye maka wasanni biyu gefe da gefe, don yanayinsu ya yi kama ƙwarai amma hukuncin da aka yanke a kansu ya sha bamban. Fallout 76 na kamfanin Bethesda ya fito a watan Nuwamba na 2018, kuma a kwamfuta ba ya tashi sai ta manhajar Bethesda.net. Diablo IV na kamfanin Blizzard ya fito a watan Yuni na 2023, shi ma ba ya tashi sai ta Battle.net. Dukansu sai da intanet ake yin su, kuma duk abin da ka tara a ciki yana ajiye ne a wurin kamfanin, ba a kwamfutarka ba. Daga baya kowannensu ya shiga Steam: na farko ranar 14 ga Afrilu 2020, na biyu ranar 17 ga Oktoba 2023.

Bethesda ta sanar tun kafin ranar cewa duk wanda ya riga ya mallaki wasan, ya haɗa asusunsa na Bethesda da na Steam kafin wa'adin da ta ɗiba ya cika, zai tarar da wasan a Steam kyauta. Jarumin da ka raina da kayan da ka tara duk suna nan. Sai dai a lokacin ta ja layi a wuri ɗaya: kuɗin cikin wasan da ake kira Atoms da rajistar wata-wata ta Fallout 1st ba sa ƙetarawa, inda ka saye su nan suke zama. Ita kuwa Blizzard cewa ta yi jaruminka da matakin da ka kai za su bi ka Steam, tunda ko a can ma da asusun Battle.net za ka shiga, amma wasan kansa sai ka sake saye. Farashinsa a lokacin kusan dala 70 ne. Wanda ya biya a watan Yuni, lokacin da babu wani shago sai nasu, wata huɗu kacal sai aka buɗe ƙofar da yake so, aka ce ya sake biya kafin ya shiga.

A ganina Bethesda ce ta yi daidai, kuma dalilina yana cikin yadda Steam ke aiki. Kamfanin Valve, mai Steam, yana ba kamfanonin wasanni lambobin mabuɗi, wato lambobin da ake shigarwa a buɗe wasa a Steam, kyauta, ba ya karɓar kaso a kansu. Akwai iyaka kam. A ƙa'idarsa ta 2023 yana ba da har 5,000 ga sabon wasa, abin da ya wuce haka sai ya duba buƙatar tukuna. Amma babban kamfani da ke shigowa da tarin 'yan wasa ba zai rasa yadda za su daidaita ba, kuma mun ga an yi. Wasan kuwa shi ne dai wanda aka sayar maka, a kan kwamfutar nan taka, ba a sake ƙera komai dominka ba. Idan ba ka wasan bai ci wa kamfani kusan komai ba, karɓar cikakken farashi a hannunka karo na biyu ba ya yi mini daɗi ko kaɗan.

Duk da haka kada mu zalunci ɗaya ɓangaren, suna da hujjoji, kuma wasu na da nauyi. Babbar cikinsu ita ce abin da zai biyo baya. Ranar da ka koma Steam, ƙarin wasa ko kayan kwalliya ko kuɗin cikin wasa da za ka saya ta can za su bi, Valve kuma ya cire kashi 30 cikin 100. Kason yana sauka zuwa 25 idan cinikin wasa ya wuce dala miliyan 10, ya koma 20 bayan miliyan 50, amma a manhajar kamfani babu mai cire musu irin wannan kason sam. Wato mabuɗin kyauta ne a yau, amma kamfani ya miƙa abokin cinikinsa ga wani ɗan tsakiya na tsawon shekaru. Ina ganin wannan ne ya sa ita ma Bethesda, duk da kyautar da ta yi, ta hana Atoms ƙetarawa. Hujja ta biyu ita ce cuwa-cuwa: idan aka ba mutum lambar mabuɗi tsirara, yana iya sayar da ita ga wani ya ci gaba da wasansa a tsohon shago, kamfani ya yi asarar mai saye guda. Wannan kam an samo maganinsa, shi ne haɗa asusu biyu maimakon raba lambobi. Sannan akwai gaskiyar da ba a so a ji, wato Blizzard ba ta ƙwace wa kowa komai ba. Battle.net na nan yana aiki, wanda ya saya a can yana wasansa har gobe, kuma da 'yan Steam ɗin suke haɗuwa a fili ɗaya. Ita ma Bethesda ba don Allah kaɗai ta yi ba. Fallout 76 ya sha suka sosai a farkon fitowarsa, tana buƙatar ta faranta ran waɗanda suka yi haƙuri da ita.

Akwai wani tsohon misali da nake so, don ya nuna maganar mutane tana tasiri. Elite Dangerous na kamfanin Frontier da ke Ingila ya fito a watan Disamba na 2014, ya shiga Steam a watan Afrilu na 2015. Da farko ba a ba tsofaffin masu shi komai ba, ciki har da waɗanda suka tara kuɗin ƙera shi ta Kickstarter, shafin karo-karo na intanet. Suka yi ta magana, kafin ƙarshen watan Mayu kamfanin ya buɗe musu hanyar karɓar mabuɗin Steam ta asusunsu.

Duk wannan magana ce ta inda aka ƙara shago kawai, tsohon yana nan. Idan rufe tsohon za a yi, ko za a ɗauke wasan daga cikinsa, to batun ya tashi daga kyautatawa ya zama bashi a wuyan kamfani. Kamar ka yanki tikitin mota ne a tasha: idan kamfanin ya buɗe wata tasha kusa da gidanku, alfarma ce ya bar ka ka hau a can, amma idan ya rufe wadda ka yanki tikitin kafin tafiyarka, dole ne ya ɗauke ka daga sabuwar ko ya mayar maka da kuɗinka. Manyan kamfanoni sun san haka. Da Bungie, mai wasan Destiny 2, ta rabu da Activision, ɗan'uwan kamfanin Blizzard, a farkon 2019, ta kwashe Destiny 2 daga Battle.net zuwa Steam ranar 1 ga Oktoba na shekarar, 'yan wasa suka ƙaura da jarumansu da abin da suka saya da ragowar kuɗin cikin wasa ba tare da biyan komai ba. Bethesda ma da ta rufe manhajarta a watan Mayu na 2022, ta ba mutane damar kwashe wasanninsu da kuɗin da ke asusunsu zuwa Steam. Google ya rufe Stadia, dandalinsa na yin wasa kai tsaye ta intanet, ranar 18 ga Janairu 2023, da yake babu inda zai kai mutane sai ya mayar musu da kuɗin wasanninsu, Ubisoft kuma ta ba waɗanda suka sayi nata wasannin a can kwafin kwamfuta a manhajarta. Rocket League ya bi wata hanyar: bayan Epic, mai nasa shagon wasanni, ya sayi kamfanin da ya ƙera shi, an daina ba da shi ga sababbi a Steam a watan Satumba na 2020, amma duk mai shi a can an bar shi da abinsa.

Haka yake idan alkawari ya shiga tsakani, alkawari kuwa kaya ne. Shagon Epic ya buɗe a watan Disamba na 2018 yana karɓar kashi 12 kacal, ya riƙa biyan kamfanoni su kawo wasanninsu wurinsa shi kaɗai. An janye Metro Exodus daga Steam saura kusan mako biyu ya fito a watan Fabrairu na 2019, amma waɗanda suka riga suka biya a Steam a can aka ba su. Na Shenmue III ya fi zafi. Mutane sun tara masa sama da dala miliyan 6 a Kickstarter a 2015, da yawa cikin masu kwamfuta suna sa ran Steam, sai a watan Yuni na 2019 aka ce Epic ne. Da hayaniya ta yi yawa aka buɗe ƙofar mayar da kuɗi, Epic ya ɗauki nauyinsa, aka kuma yi alkawarin mabuɗin Steam bayan shekara guda ga wanda ya zaɓi jira. Tun farko da haka aka fara da ba a ɓata wa kowa rai ba.

Shagon GOG ya taɓa gwada maida abin ya zama tsari a 2016 da GOG Connect: ka haɗa asusunka na Steam, a ba ka kwafin wasu wasannin da ka mallaka. Sai dai kowane wasa sai mai shi ya yarda, kuma na ɗan lokaci ne. Manyan kamfanoni ba su yi rububinsa ba, ya yi ta ja da baya har aka rufe shi. Wannan ya nuna maka cewa shago ba shi ne mai yanke hukunci ba, kamfanin wasan ne, don haka can za ka kai kokenka.

Abin da ban ga ya shiga wannan lissafin ba shi ne tsallakawa daga wata na'ura zuwa wata. Wanda ya sayi wasa a PlayStation ba zai ce a ba shi na kwamfuta ba, don an yi aiki an kashe kuɗi kafin wasan ya tashi a can. Microsoft tana yin haka da wasu wasanni tsakanin Xbox da Windows tun 2016, amma duka gidanta ne.

Naka yanayin, kamar yadda ka bayyana shi, irin na farko ne: tsohon shagon yana aiki, ba a kuma yi maka alkawarin Steam ba lokacin da ka saya. Saboda haka ba abin da za ka kama su da shi, sai dai roƙo, kuma roƙo ne mai hujja. Fara da shiga asusunka a shafin kamfanin ka duba ko akwai wurin haɗa shi da Steam ko wurin karɓar mabuɗi, don irin wannan tayin yakan zo da wa'adi, kamar na Fallout 76, wanda bai gani ba ya wuce shi. In babu, ka rubuta wa sashen taimakonsu da rasit ɗinka, ka tambaya cikin ladabi. In sun ƙi, kada ka yi gaggawar sake saye. Steam yana da wurin da za ka saka wasan da ba a cikinsa ka saya ba: zai fito a jerin wasanninka, abokanka za su ga kana yin sa, za ka iya saita madannin hannu ta can. Abin da ba za ka samu ba shi ne lambobin yabo na Steam da sabuntawa ta cikinsa, kuma a Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve, sai ka ɗan sha wahalar saiti. Ka kuma tuna cewa ƙaura sau da yawa tana nufin sake sauke wasan daga farko. Diablo IV kaɗai yana neman wurin GB 90, mu da muke sayen data da awo muna kuma fama da biyan dala, wannan ma kuɗi ne. In har ka ga ba makawa sai na Steam ɗin, ka jira rangwamen tsakiyar shekara ko na ƙarshenta, kuma kafin ka biya ka tabbatar ƙarin wasan da ka saya a tsohon shago zai bi ka, don a wasanni da yawa, irin su Final Fantasy XIV, kowane shago da nasa lasisin.