Gargaɗi: mai saida rediyon oba-oba da ke cewa tana kaiwa Katsina zuwa Daura

Jama'a Assalamu alaikum, dan Allah a tura wannan ga 'yan uwa, musamman 'yan sintirin unguwa da masu gonaki a wajen gari. Akwai wani da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana tallan oba-oba, wai kana Ƙofar Ƙaura za ka yi magana da wanda ke Daura ba kati ba sabis, wai kuma har da lasisi a cikin kuɗin. Mutanen unguwarmu sun haɗa kuɗi sun tura mashi, kaya sun iso a mota, abin da aka buɗe aka gani Baofeng UV-5R ce ta gama-gari.

Ita wannan rediyon ba laifinta, abin kirki ce a matsayinta. Amma wat 5 gare ta, kuma maganarta miƙe take tafiya kamar hasken tocila, gini ko dutse ya tare ta shi ke nan. Cikin gari in ka samu kilomita biyu zuwa uku ka gode Allah, a fili ta ɗan ƙara. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne fa, ta ina?

Inda wayon nashi yake shi ne bidiyon gwaji. Wadda yake gwadawa a bidiyo kala daban ce, irin mai layin waya a ciki, da data take aiki, shi ya sa za ta kai ko Legas ma. To mu kau da muka ga 2021 lokacin da aka datse sabis a ƙananan hukumomi 13, su Jibia da Batsari da Safana da Ƙanƙara, ai dalilin neman oba-oba ke nan, ranar da babu sabis. Mai layin nan ran da aka ɗauke netwok ta zama kwali, ita kuma wadda yake turo maka ba ta zuwa ko'ina.

Da aka kira shi sai ya ce ai sai an biya kuɗin rifita duk wata. Rifita gaskiya ce akwai ta, na'ura ce da ake kafawa bisa doguwar hasumiya ko kan dutse, ta karɓi maganarka a mita ɗaya ta sake cilla ta a wata mitar da ƙarfi. An ce ya nuna inda tashi take, ko ya faɗi mitocin a saita, daga nan waya ta daina shiga.

Lasisin ma wani kati ne mai leda da ya buga da kanshi. Ɗan kasuwa ba ya ba da lasisin rediyo, na masu amfani da irin wannan rediyon don sha'awa Ma'aikatar Sadarwa ta tarayya ke bayarwa, da lambar kira mai farawa da 5N. Abin da ya fi tada min hankali wlh shi ne ya karɓi NIN da hoto da lambar waya na kowa da sunan cike fom, yanzu duk suna hannunshi.

Sai ƙaryar sirri, wai an kulle ta ba mai jin ku. Duk mai irin rediyon nan in ya danna sikan, wato maɓallin laluben mitoci, zai iya faɗowa kan hirarku, lambobin CTCSS, wani saiti na cikin rediyon da yake kira kwado, ba sa ɓoye murya, hana ka jin wasu kawai suke. Ku duba halin da muke ciki, 'yan sintiri su riƙa faɗin inda suka tsaya da dare suna zaton ba mai saurare.

Batirin asali na UV-5R 1800mAh ne, nashi an manna takardar 8000 amma girman ɗaya, nauyin ma bai kai ba, kafin la'asar ya mutu.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya ajiye rasit da hoton hirar, ya kai wa bankinshi da 'yan sanda da wuri. Mai son saye kuma ya riƙe kuɗinshi sai an ba shi guda biyu a hannu, ya buɗe bayan ya tabbata ba layi ciki, ɗaya ya hau mashin ya yi nisa a ji inda magana za ta yanke.