Sharhi: TP-Link UE300 da haɗa kwamfuta ɗaya da netwok biyu

UE300 ɗan ƙaramin akwati ne mai guntuwar waya da ke naɗewa a jikinsa. Kai ɗaya USB 3.0 ne, ɗayan kuma ramin wayar Ethernet mai gudun gigabit 1. Na gwada shi a Windows 11 a kan aikin da ya fi yi wa mutane amfani: waya ta tafi sabar ofis, Wi-Fi kuma ya ɗauko intanet daga MiFi. Ana soka shi ya kama, ba sai an nemo direba ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gateway, wato ƙofar da kwamfuta ke bi ta fita zuwa wasu netwok da intanet. Idan kowane ɓangare yana da nasa, Windows ba ya raba musu kaya, wanda lambar metric ɗinsa (lambar fifiko da Windows ke ba kowane layi) ta fi ƙanƙanta yake bi. Wayar gigabit kan samu 25, Wi-Fi galibi sama da haka, don haka waya ce ke cinyewa. In netwok ɗin ofis ba ya fita waje, sai ka ga alamar Wi-Fi cike amma shafi ya ƙi buɗuwa.

Maganin da ya zauna daram: a ba wayar adireshin IP na dindindin, misali 192.168.10.50 da mask (lambar da ke nuna iyakar rukunin adireshin) 255.255.255.0, a bar gurbin gateway fanko. Idan sabar tana wani rukunin adireshi, sai a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta:

route -p add 10.20.0.0 mask 255.255.0.0 192.168.10.1

A misalin nan, 10.20.0.0 rukunin sabar ne, 192.168.10.1 kuma gateway ɗin ofis. Wannan -p ɗin shi ke sa hanyar ta tsira bayan an kashe kwamfuta an kunna, kuma shi aka fi mantawa. Umarnin route print zai nuna ko ta shiga.

A kula kada netwok biyun su zo da rukuni ɗaya. In duka biyun 192.168.0.1 ne, dole a sauya na MiFi tukuna, in ba haka ba aikin banza ake yi.

Mai tsammanin gudun layi biyu zai haɗu ya ninka, ba aikin wannan na'ura ba ne. Kuma a soka ta a rami mai shuɗin ciki, wato na USB 3.0, domin USB 2.0 ba ya wuce megabit 480.